Iyakarmu Ƙofar Makaranta

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma jikana bai je makaranta ba. Ya sa kaya, ya ɗaura takalmi, sai ya zauna ya ƙi fita. Tun rasuwar uwarsa haka muke fama. Babansa ya bugo waya daga garin da yake aiki: in zangon nan ya ƙare bai koma aji ba, zai zo ya kai shi makarantar kwana. Ɗansa ne. Amma in aka ɗauke yaron nan, da wa zan yi magana a gidan nan?

Laraba, 5 ga Maris

Malamar da ke kula da damuwar ɗalibai ta zo. 'Yar ƙarama, jakarta ta fi ta girma. Ta ce wata Farfesa ce ta koyar da ita, wadda ta shafe shekaru tana bibiyar yaran da suka ƙi makaranta bayan an yi musu rasuwa. Wai ta gano ba lalaci ba ne, tsoro ne kada su dawo su tarar wani ya sake tafiya. Tana faɗa tana kallon kwalaben maganina. Ban ji daɗin kallon ba.

Tsarin Farfesar, wanda wai makarantu da yawa suka ɗauka: kullum ni da yaron mu taka tare zuwa ƙofar makaranta, mu juyo. Kada in ce ya shiga. Shi zai ce.

Na ce, "'Yata, a zamaninmu bulala ke yin wannan binciken."

Ta ce, "Baba, waɗanda bulalar ta kora fa, wa ya bi sawunsu?"

Litinin, 10 ga Maris

Mun je, mun juyo. Gwiwoyina kamar ba nawa ba. Ya riƙe mini hannu, wai, "Tsoho, kai ake rakawa ko ni?" Na ce ya rufe mini baki, sarkin barci kawai.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ɓata.

Mun isa daidai ana kaɗa ƙararrawa, abokinsa ya ɗaga masa hannu, ya ɗan yi gaba. Sai bakina na tsohon malami ya riga ni: "To, tunda ka zo, ai sai ka shiga." Har da tura shi a kafaɗa. Ya fizge, ya bar ni tsaye da sandata a gaban mai gadi. Na dawo ni kaɗai, ina hutawa a jikin katangu. Ya kulle ɗaki.

Juma'a, 14 ga Maris

Bai fito ba. Abincin na nan a bakin ƙofa.

Talata, 18 ga Maris

Babansa ya ce har ya yi magana da makarantar kwanan. Na ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Ya ce, "Baba, ba za ka iya da shi ba."

Na kira malamar, ina jiran faɗa. Ta ce Farfesa ta rubuta cewa kusan kowane gida sai an yi wannan tuntuɓen, kuma manya ne ke yinsa. A koma farko. Ta ƙara da cewa in gaya wa yaron gaskiyar abin da likita ya ce a kaina, tunda shi ne abin da yake gadi. Na gaya masa ta bayan ƙofa: hawan jini ne da tsufa, ba yau ba ne in Allah ya yarda. Can ya ce, "Ka sha maganinka na rana?"

Litinin, 24 ga Maris

Mun koma tafiya. Na datse harshena.

Alhamis, 27 ga Maris

A bakin ƙofa ya saki hannuna. "Tsoho, in na shiga darasi ɗaya, ina zan same ka?" Na nuna bencin mai gadi. Ya shiga. Darasi ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, bai leƙo ba.

Na bugo wa babansa daga kan bencin, na ce ya dakata da maganar kwanan. Ya ce zai gani.

Mai gadi ya tambaye ni dabarar, wai 'yar ƙanwarsa ma haka take. Na ce ba tawa ba ce, ta wata Farfesa ce. Ban san lokacin da na zauna ina koya masa ba, har da gargaɗin kada ya tura ta.