Ina Aka Kai Littattafan Mushe Isufu?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ke kula da ɗakin karatun garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana aiki lafiya, ni tsohuwar ɗalibar marigayi Mushe Isufu ce, malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, mai rubuta littattafan labarai. Shi ya tara littattafan ɗakin, wasu ya roƙo a Damagaram, wasu direbobi suka ɗauko masa daga ƙetaren iyaka. Duk damina shi ke hawa rufi yana toshe yoyo. A nan na fara karatun da ba na jarrabawa ba.

Ranar kasuwar Guci na sayi ƙosai. Takardar da aka ƙunso mini shafin littafi ce, ga hatimin ɗakin karatunmu a kai, man ƙosai ya jiƙa shi. Na tambayi mai ƙosan, ta ce, "Hajiya, wani mai babur ke kawo mana su a buhu. Ni ban yi boko ba." Ban ga laifinta ba. Ku nake tambaya.

Na ɗaya: da aka rufe ɗakin aka zuba buhunan taki, an ce an mayar da littattafan wani wuri. Ina ne wurin? Sau uku ina zuwa ofishinku. Sakatare ya tura ni wajen mai gadi, mai gadi ya ce makulli na hannun sakatare.

Na biyu: ni ɗiyar manomi ce, na san darajar taki. So nake in ji yadda aka yanke shawarar. Duk faɗin garin nan babu wani ɗaki?

Na uku, wanda ya fi damuna: labarinsa na ƙarshe, da ya rubuta da hannu cikin kaye, wato littafin rubutu, goma sha biyu, yana cikin wani koren akwatin ƙarfe a ɗakin karatun. Labarin wata makiyayiya ce da ta bi sawun shanunta da aka sace. Babu kwafinsa ko'ina. Ina kan na sha ɗaya Mushe ya rasu, na kasa buɗe na ƙarshe. Yanzu ina son in san ko ta samu shanun.

Ina roƙo ku nuna mana abin da ya rage. In wuri ne babu, zaurena ba ya yoyo, kuma zan bar ƙofarsa a buɗe ga duk mai son karatu.

Allah ya ƙara girma, ya yi muku jagora, ya jiƙan Mushe.

Wassalam.

Taku,
Wata ɗalibarsa daga ƙasar Magariya