Saiwar da Ka Aiko wa Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka daga wahalar baƙunta, ya sa aikin da ya kai ka can ya zama alheri gare ka da mu duka. Mu nan sai godiya. Baban yara ƙafarsa ta warke, har ya koma tuƙi makon jiya. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana zaman jiran sakamako tana cinye mana abincin gida. An gyara rufin ɗakin tsakiya da ke yoyo, kuma Kawu ya daina zuwa kasuwa saboda idonsa, yanzu ƙofar gida yake wuni yana gyara wa masu wucewa tafiya.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun muna makaranta, maganar Inna ce da maganin tarin nan. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, domin akwai wuraren da ban fito da kyau ba a cikin labarin, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka san tarin ya yi wata biyu yana cinta kafin saƙonka ya iso. Busasshen tari ne, ba kaki, irin wanda idan ya taso sai ta dafe bakin gado, idanunta su kawo ruwa, ta kasa ƙarasa maganar da ta fara. Ba abin da ban yi ba. Na kai ta asibiti sau biyu, na ba ta ƙwayoyin da aka rubuta a kan lokaci, na dafa citta da lemun tsami, na ɗumama ruwa da gishiri tana kurkure maƙogwaro. Har keken ɗinkina na jawo daga ɗakin gaba na kafa shi a bakin ƙofarta, don in riƙa jin numfashinta ina aiki. Masu kawo ɗinki sai sun tsallake tabarmarta kafin in gwada su. Tarin ya ɗan lafa, amma bai tafi ba, kuma a duk kwanakin nan ban ji ta faɗa wa kowa cewa wani abu da na yi ya taimaka ba.

Sai ga direban da ka ba saƙo ya yi sallama da ƙunshi. Muka kwance, muka ga saiwar irƙusus ɗin, 'yan sanduna kamar asuwaki, bayansu ruwan ƙasa, cikinsu rawaya. Na tauna ɗan guntu, zaƙinsa ya zauna mini a bayan harshe har la'asar. Ga kuma takardar da ka rubuta yadda za a dafa, da wannan karkataccen rubutun naka da bai canja ba. Inna ta sa na karanta mata sau uku, ba don ba ta gane ba, sannan ta karɓe takardar ta ninke ta sa cikin akwatinta, saiwar ma ta bi bayanta. Ta ce duk ranar dahuwa ita za ta riƙa ƙirgo mini abin da zan ɗora. Haka na wanke sanduna ukun da ta ƙirgo mini, na daddaka su a turmi har kafaɗata ta yi tsami, don saiwar taurin tsiya gare ta. Na jiƙa su suka kwana, na ɗora a ƙaramar wuta ina zaune a kai ina juyawa har ruwan ya koma rabi, na tace da farin ƙyalle, na zuba zuma, na mayar wuta ya yi kauri yana bin cokali. Da ya huce na ɗura a kwalba. Rabin wuni ya tafi, ɗinkin mutane yana jibge yana jirana.

Gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi aiki. Cikin mako guda maƙogwaronta ya yi laushi, ta fara barci sosai, muryarta ta dawo. Kuma da muryar ta dawo, sunanka ta fara kira da ita. Maganin Auta, haka ta raɗa masa. Kowa ya shigo gaishe ta sai ta sa an ɗauko kwalbar an nuna masa, ta ce ɗanta ne daga can uwa duniya ya ji tarinta ya nemo mata. Matar mai gyaran rediyo ta zo da jikanta mai tari, Inna ta ba shi cokali da hannunta, ta ce a yi wa Auta addu'a. Ni ina kan keke ina jinsu, ina taka feda da ƙarfin da bai kamata ba, har na karya allura biyu a rana ɗaya. Na riƙa ce wa kaina ai ɗan'uwana ne, yabonsa yabona ne. Zuciyata ba ta yarda ba.

Abin ya kai ni maƙura ranar da Goggo ta zo. Ta ɗanɗana, ta yaba kaurinsa, ta tambayi wanda ya dafa shi haka bai ƙone ba. Na ɗaga kai daga ɗinki ina jira. Sai Inna ta ce ai dafawa kowa ya iya, sanin abin da za a dafa shi ne aiki. Goggo ta dube ni, na sunkuyar da kai kamar ina neman zare. Da za ta tafi na raka ta ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Na yi dariya don kada ta ga fuskata, na dawo na shige madafa na tsaya gaban tukunya ba tare da na ɗora komai ba. Shekara tara ke nan tun rasuwar Baba nake wanke mata kaya, nake yanke mata farce, nake sanin ranar da ba ta ci abinci ba. Kai ka ɗaure sanduna goma sha biyu a takarda, ka zama ɗan albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A mako na biyar na lura takalminta ya daina shiga. Ƙafafunta sun kumbura, idan na danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Ta fara kukan ciwon kai da kasala. Abin da ban sani ba, ashe cokali biyun da ka rubuta ta mayar da shi biyar ko shida, duk wucewar da za ta yi ta gaban kwalbar sai ta lasa. Na kai ta asibiti, malamar da ke auna ta ta ga jinin ya hau fiye da yadda ya taɓa hawa. Ta tambaye ni abin da Inna take sha ban da ƙwayoyinta, na faɗa mata. Ta ce a dakatar da saiwar nan take, domin tana lallashin maƙogwaro ƙwarai, amma idan aka daɗe ana sha, ko aka yawaita, tana riƙe ruwa a jiki ta tayar da jini, kuma ba ta dace da mai hawan jini irin Inna ba. Ba laifinka ba ne, na sani, alheri ka nufa. Amma zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. A kan bencin asibitin nan, uwata tana gefena ƙafa a kumbure, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina to ga maganin Auta. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma na ji shi, kuma har yau ina istigfari a kansa.

Da muka dawo gida na maimaita mata abin da aka ce, don a can kunnenta bai kama duka ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce tun ranar da ƙunshin ya shigo gidan nan ta ga fuskata ta canja, kuma ba ta yi zaton baƙin cikina da ɗan'uwana zai kai in haɗa baki da ma'aikatan asibiti ba. Da ƙarya ta yi mini gaba ɗaya da na iya kare kaina. Amma rabin maganarta gaskiya ce. Washegari ta buɗe akwati ta ƙirgo mini sanduna uku, ta ce in ɗora.

Na karɓa ban yi musu ba. Na zuba su cikin aljihun kekena ƙarƙashin ragowar yadi, na shiga madafa na daka citta da ƙarfi don ta ji ƙarar turmi. Na dafa dabino har ya narke ya ba da launi, na tace, na sa kanumfari kaɗan da zuma, na ɗura a kwalbar da ta saba gani. Ta sha, ta lashe cokali, ta sa maka albarka. Haka muka yi sau uku. Kumburin ya saɓe, ciwon kan ya tafi, tarin bai dawo ba. Yanzu babu ko ɓurɓushin saiwarka a cikin kwalbar, komai daga hannuna ya fito, amma sunanka ne dai a kai. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka.

Ranar Talatar da ta wuce da yamma, muna zaune a baranda ina yanke mata farcen ƙafa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, kanumfarin ya yi yawa a na wannan karon. Hannuna ya tsaya. Ta ce zaƙin saiwar yana zama a bayan harshe, wannan kuwa da an haɗiye ya wuce, kuma tun cokalin farko ta gane. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru tana sha. Ta ce ai ita ba yarinya ba ce, ta ga takalminta ya koma shiga. Amma ta ce in bar mata sunan yadda yake, domin idan ta ce maganin Auta sai mutane su tambayi labarinka, ta sami hanyar yin zancenka, ni kuwa ba mai tambayar labarina tunda ga ni ana gani. Ta ce in fito da sandunan daga inda na ɓoye, ba za ta sha ba, a akwatinta take son su. Na kawo, ta ƙirga, tara cif, ta mayar. Ba ta janye maganar baƙin cikin da ta faɗa mini ba, ka san halinta. Ta dai ce Allah ya yi mini albarka, sau ɗaya, a taƙaice, sannan ta tambaya ko an ji daga gare ka.

Da zan ce maka wannan ya wanke mini zuciya da na yi ƙarya. Ya rage, amma da saura. Har yanzu idan ta ɗaga hannu bayan salla ina kasa kunne in ji sunan wa zai fara fitowa, kuma naka ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ba na so wannan abu ya girma a cikina har ya zama gaba, shi ya sa na zube maka shi a takarda.

Buƙatuna biyu ne. Na farko, kada ka sake aiko da saiwar, ko ta roƙe ka, kuma duk wanda za ka ba a can ka fara tambayarsa ko yana da hawan jini. Na biyu ya fi mini wuyar rubutawa. Duk kiran da kake yi wayata kake kira, kuma kafin in gama amsa sallama ka tambaya ko Inna na kusa. Sai in tashi daga kan keke in kai mata, in tsaya ina riƙe mata wayar a kunne har ku gama, hannuna ya gaji. Idan ka kira wannan karon, ka ba ni minti biyu tukuna. Ka tambayi bayana da ke ciwo, ko ka tambayi yadda kasuwar ɗinki take, ko da ba ka damu da amsar ba. Ni na goya ka lokacin da Inna ke jinya, ina jin na cancanci minti biyu.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina yi mata sannu da hidima. Ka shafa mini kan tagwaye, da mai sunan Baba, ka ce ya daina gudun makaranta. Baban yara yana gaishe ka, haka Kawu da Goggo. Inna ba ta san ina rubuta wannan ba, amma da ta sani da gaisuwarta ta cinye takardar. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Yayarka.