Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. 'Yarki ce, daga ɗakinta a Yerimaram.

Inna, wata huɗu bayan rasuwarki al'adata ta ɗauke. Wata safiya ina wanka na ga nono na ɗiga. Hajja, uwar mijina, ta matsa ta gani da idonta, ta rangaɗa guɗa. Ta hana ni daka, ta hana ni jan ruwa a rijiya.

Kin san halina. Ke kike cewa, "Littattafan nan sai sun ɗauke miki hankali." Ina kwance ina karatu, ina ƙera wa jaririyar kamanni. Mace ce, da wushiryarki. Na sa mata sunanki.

Wata tara ya wuce, ciki bai taso ba. Hajja ta ce kwanciya ya yi, ita ma nata ya taɓa kwanciya shekara biyu. Aka karɓo rubutu daga Damagum, aka haƙo saiwoyi a Danchuwa. Kullum ina shafa marata ina lallashi, tashi mana, uwata.

Ran Talata na je asibiti dubiya, na daure na shiga wurin likita. Ta duba ni, ta ce babu ciki, ba a ma taɓa samunsa ba. Wai sinadarin da ke kawo nono ne ya yi mini yawa. Jikina ya ɗauka shayarwa nake, shi ya sa ya riƙe al'ada, ya hana ciki shiga. Ta ce ba su da maganinsa a nan.

Wata goma sha shida, Inna, ina hira da wadda babu.

Malam, mijina, bai sani ba tukuna. Jiya ya dawo daga kasuwa da ɗan rago, yana murmushi, wai kafin cikin ya tashi ragon ya yi ƙiba, a yanka ran suna. Ni na karɓi igiyar na ɗaure. Ni na ba shi dusa.

Yau bayan la'asar zan faɗa masa. Da kina nan, da ke za ki zauna kusa da ni. Ban san yadda ake yi wa mutum ta'aziyyar 'yar da ba a haifa ba.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki. Ni kuma ya buɗe mini baki, ya sanyaya zuciyar Malam.

Taki har abada,
Autarki