Yayanmu zai kai Inna sahara, ita kuma ba ta shan ruwa a gabansa

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Adimin don girman Allah ka ɓoye sunana. Shawara na zo nema, ku ba ni ita tsakani da Allah, don raina a ɓace yake kuma kwanaki sai ƙara matsowa suke yi.

Ni mace ce, ina aure a Argungu, mahaifiyarmu kuma tana Birnin Kebbi wajen babban yayanmu a Gwadangaji. Inna asalinta mutuniyar Nijar ce, ƙauyensu yana can arewa da Dogon Dutsi, inda kwalta ta ƙare sai yashi. Mutum ɗaya ta rage mata a duniya cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, yayarta, kuma an aiko cewa jikinta ya yi nauyi, kullum sunan Inna take kira. Tun ranar Inna ba ta da wata magana sai ta tafiya.

To akwai wata tsohuwar a-kori-kura mai gida biyu da marigayi Baba ya samu lokacin da aka yi jihar Kebbi, aka dawo da su aiki daga Sakkwato. Da ita yake kai mu ƙauyen muna yara. Yayanmu ya fito da ita daga rumfa, ya kashe mata abin da ya kashe, sababbin tayoyi, jarkokin mai da na ruwa, shebur, har da wasu farantai na ƙarfe wai na fita daga yashi. Ya loda shinkafar Ambursa da albasar Augie na tsaraba. Kullum sai ya ɗauki hoton motar ya tura mana a waya, kai ka ce amarya ya yi. Ya tsara komai, Inna a gaba kusa da shi, matarsa da yaransa a baya, sai a ce su ma sun ga sahara.

Abin da bai saka a lissafinsa ba shi ne, shi ɗan fari ne. Inna irin mutanen da ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, wancan take ce masa. Ba ta ci a gabansa, ba ta sha a gabansa, balle ta buɗe baki ta ce masa tana son kewayawa. Ga shi tana da ciwon suga, mai wannan ciwo kuwa kun san ƙishirwa da yawan fitsari. A gida ba a ganewa, tana ɗakinta yana nasa. Shi a ganinsa ma uwarsa mace ce marar son magana, shekara da shekaru suna gida ɗaya amma bai san komai a kanta ba.

Satin da ya wuce ya ce zai gwada mota, ya ɗauko su Inna zuwa gidana, maimakon ya bi titi sai ya ratsa ta hanyar yashi ta bayan Ambursa don ya nuna gwaninta. Mota ta kafe, ya sassauta iskar taya, ya yi ta haƙa, tafiyar da ba ta kai komai ba suka wuni a kanta cikin rana. Da suka iso, shi yana ƙofar gida yana ba maigidana labarin yadda ya fitar da mota, ni kuma na je buɗe wa Inna ƙofa. Leɓenta ya bushe ya tsattsage, robar ruwan da aka ba ta tana nan a cike ko buɗewa ba ta yi ba. Da na kama ta za ta sauko na ji zaninta a jiƙe. Wallahi sai da na ji kamar in fasa gilashin motar nan. Na yafa mata mayafina na shigar da ita ɗaki, tsohuwa tana kuka kamar yarinya.

Da ta samu kanta sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ruhwa man asiri. Ina ni ina ce ma wancan shi tsaya in kewaya? In ya ji wagga magana hwasa tahiyar zai yi, ni ko sai na ga 'yar'uwata." Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa masa ba, har da cewa in na faɗa ba ta yafe ba.

Sai na bi ta wata hanya. Na kira shi na ce a ba ni wuri a motar in riƙa kula da Inna, ko ɗaya daga cikin yaran ya zauna a gida. Ya ce ba wuri, wai yaransa ya riga ya yi musu alkawari. Na ce to in hau baya wajen buhuna, ya ce ya auna kaya, nauyina zai sa mota ta nutse, ni da ko buhun shinkafa ban kai ba. Na ce a mayar da Inna kujerar baya, ya ce shi ba zai sa uwarsa a baya matarsa a gaba mutane su zage shi ba. Matar tasa kuwa ta karɓi waya ta ce ai an san ni, yawo nake so, in ina son ganin sahara mijina ya saya mini tawa motar. Na faɗa mata abin da ya zo bakina, ban kuma yi nadama ba. Ita ma Inna ba za ta iya gaya mata komai ba, suruka ce, kuma abin da ta ji da safe kafin azahar yana kunnen mijinta. Yanzu dai ya daina ɗaga wayata, ya gaya wa dangi wai baƙin ciki nake yi don shi ya gaji motar Baba. Motar da ko kyauta aka ba ni sai dai kaji su kwana a ciki.

Na san halinsa sarai. In na faɗa masa gaskiya ba zai yi shiru ya gyara ba, ɗakin Inna zai shiga gaban matarsa yana ɗaga murya, me ya sa ba ki gaya mini ba, sannan ya ce an fasa. Kunyar da ta riƙe tun kafin a haife ni ta zube a rana ɗaya, yayarta ta rasu ba su gana ba, ni kuma in zauna da rashin yafiyarta. In kuma na yi shiru, can ba gidana a ƙarshen hanya, ba asibiti, ba ko bishiyar da mutum zai laɓe.

Jiya na je Gwadangaji da ya fita. Na tarar da Inna a kwance kanta na ciwo, kofinta a kife. Ashe tun yanzu ta fara rage shan ruwa, wai don jikinta ya saba kafin ranar. Jumma'a mai zuwa za su tashi.

Masu cewa ki yi haƙuri ki yi addu'a, na gode, ina yi, ba ita na zo tambaya ba. Ku gaya mini, in karya alkawarin uwata in tona mata asiri gaban ɗanta, ko in tsaya a bakin titin Argungu ina ɗaga musu hannu ta wuce da ƙishirwarta?