Bangon da Yaya Maharazu Ya Gina

Baba, sallama da gaisuwa mai yawa. Ina Inna da su Mairo? Da fatan dawa ta yi kyau a Yargoje. Mu nan Legas lafiya lau, aikin gini na tafiya, sai dai Yaya Maharazu ba ya cin abinci sosai.

Ran Talata da safe, shugaban aikinmu ya duba bangon da Yaya ya gina, ya ce duk ba wanda ya kai shi miƙewa. Yaya ya jawo ni gefe, ya ce, "Lawwali, ba'a yake mini, korata za su yi." Can bulo ɗaya ya fashe a hannunsa, ya ce, "Ka gani? Komai na taɓa sai ya lalace." Bangon kuwa yana nan tsaye.

Na ji kuna zargin Kawu Gide da yi masa jifa. Baba, don Allah a dakata. Ni tunanin nan nasa nake zargi, don yabo ma zagi yake jinsa. A aiko masa da muryar Inna a kaset.

Allah ya ƙara lafiya. Mani na Pauwa da Salihu direba suna wurin ran da aka yabi bangon. Za su zo sallah, a tambaye su kafin kowa ya je ƙofar Kawu.