Bangon da Farfesa Ya Bari

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Ɗalibai Mata Masu Darasin Asabar ta samu labarin rasuwar ubanta, shehun malami, masanin lissafi, Farfesa mai ritaya, wanda duk unguwa ke kira Baba Mai Alli, ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya shafe shekara talatin da ɗaya yana bin tambaya guda: idan abu yana ƙara haifar da zafi gwargwadon zafin da ya ɗauka, yaushe zafin zai bazu ya huce, yaushe kuma zai taru wuri ɗaya ya yi ta hawa ba iyaka? Mu dai lissafin rabawa yake koya mana a ɗakin da ya kama bayan shagon tela, kuma duk wadda ta ce ta gane alhali ba ta gane ba, sai ya miƙa mata alli ya zauna a bencinta.

Ba ya sa aiki a takarda sai ya kammala, in allo ya cika sai ya hau bango, shi ya sa ƙarshen bincikensa yake nan daga ƙofa har taga, babu shi a ko'ina. Mun ɗauki hoto, allin bai fito ba. Mu huɗu muka kwafa, littattafanmu suka saɓa a wuri bakwai, domin ba mu san alamomin ba.

Ƙungiya tana bayyana takaicinta cewa sau uku muna sallama da mai gidan hayar kan ya bar bangon yadda yake, yana yi mana dariya wai jagwalgwalon yara ne, har ya kira mai fenti ya zo ya shafe bangon ranar Asabar mai zuwa. Abokin aikin marigayin, wanda zai iya karanta bangon, ba zai iso ba sai Litinin.

Muna roƙon Mama, mai ɗakin marigayin, da yayyenmu 'ya'yansa, duk da nauyin da ke kansu, wani babba ya taka ya nema mana kwana biyu. In hakan bai samu ba, ranar Asabar za mu jeru a gaban bangon, mu goma sha ɗaya, sai dai a shafa fentin a kanmu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Mama da iyalai juriyar wannan babban rashi, amin.

Sa hannu:
Autar Aji
Mai magana da yawun ƙungiya