Iyakar da Ernest Ya Ɗage

Barnawa, Kaduna
Fabrairu, 1989

Zuwa ga Yayana Jethro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, kuma zafin Fatakwal bai takura muku ba. Allah ya ƙara ƙarfi. Mu nan lafiya lau. Na leƙa gida bayan Kirsimeti. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, amma idonsa kullum raguwa yake, kuma ba abin da yake tambaya sai littafinsa na waƙoƙin coci da ya juya zuwa yarenmu. Ya ce yana so ya gan shi a buge tun yana iya bambanta baƙi da fari. Dalilin wannan wasiƙar ke nan.

Ka san maɗaba'armu ta Kakuri kwamfuta ɗaya ce da mu, ni da abokin aikina Ernest muke karɓa-karɓa. Akan yanki wani ɓangare na ƙwaƙwalwarta a mai da shi faifan wucin gadi. Yana da sauri, amma da zarar an kashe na'ura, duk abin da ke cikinsa ya tafi. In kuma aka ba shi wuri da yawa, na'urar kan rasa inda za ta yi aiki ta sandare. Shi ya sa wanda ya kafa mana ita ya sa masa iyaka ƙarama.

Ernest ya ɗage iyakar don ya burge maigidanmu, Alhaji Usman, da saurin aiki. Ina hutu ya kwashe waƙoƙin Baba ya zuba a faifan wucin gadin, ya goge faifaina da suke ciki ya sa kalandar wani kwastoma. Na'ura ta sandare, ya kashe ta. Aikin da na yi tun damina ya tafi, Yaya! Da na dawo, a gaban kowa ya ce wa Alhaji ai laifina ne, hannun mace bai dace da inji ba, gara in koma kan gyaran rubutu. Na mayar da iyakar yadda take, na sayi faifai da nake ajiyewa a jakata.

Makon jiya na kunna na'ura na ga Ernest ya sake ɗage iyakar. Na gani, na bar ta yadda take. Rannan katin ɗaurin auren 'yar Alhaji yake haɗawa a faifan wucin gadin, da tsarin biki da sunayen manyan baƙi, Alhaji na tsaye a kansa yana yabo. Da tsakar rana na'ura ta sandare. Ya danna, ya danna, yana ce wa Alhaji ya yi haƙuri, hutawa take yi. Alhaji ya juyo ya tambaye ni mene ne. Na faɗa masa dalla-dalla, har da na wancan karon, ban ƙara ko gishiri ba.

Yanzu ba mai taɓa iyakar sai ni. Ernest ya roƙe ni in ɗan ƙara masa, wai har da kirana 'yar'uwa. Na ce na ji. Alhaji kuma ya yanke cewa Ernest zai sake buga waƙoƙin Baba da hannunsa, a yaren da ko gaisuwa bai iya ba, ni ce mai dubawa. Tunda ya ce gyaran rubutu ne aikina, ina yi masa da kyau. Kowane shafi ja wur yake koma masa.

Kada ka damu cewa wannan zai jinkirta littafin. Tuni na sake buga shi da kaina a hankali, Alhaji ya sani, yana wajen masu inji, Baba zai riƙe shi kafin Ista in Allah ya yarda. Ernest ne kaɗai bai sani ba. Na san za ka ce in yafe. Zan yafe, idan ya kai waƙa ta ƙarshe.

Ka gaida Anti Edith, da Tanko da Tagwai. Asabe tana gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Rhoda